Ina Jaki, Ina Kaya

Ni ba malami ba ne na asali. Aji bakwai na gama a Gusau, shi ma da ƙyar, na faɗa tasha. Na yi yaron mota, na yi dako a bakin tashar jirgi lokacin gyaɗa da auduga. Sai ga shekarar nan da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga boko, aka wayi gari makarantu sun fi malamai yawa. Duk wanda ya iya rubuta sunansa bai juya baƙi ba, aka kira shi. Aka tara mu na 'yan makonni, aka nuna mana yadda ake riƙe alli da yadda ake tsayawa gaban yara. Ranar sallama aka faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: mu malaman wucin gadi ne. Wanda ajinsa ya tsaya, ya tsaya. Wanda ajinsa ya watse, ya koma inda ya fito. Ni kuwa na san inda na fito. Har yanzu in hadari ya haɗo wuyana yana tuna mini buhun gyaɗa.

Wani ƙauye aka tura ni bayan Tsafe, in ka wuce Kucheri ka saki titi ka bi turba. A bayan babbar mota na tafi, zaune kan buhunan gishiri. Na tuna dutsen Kwatarkwashi yana biye da mu, in na rufe ido na buɗe sai in gan shi yana nan, kamar shi ma an ba shi aiki a can.

Makarantar ɗakin laka ɗaya ce da rumfunan zana. Ɗakin na hedimasta ne, wani dattijo siriri mutumin 'Yandoto, mai keke da tari. Ni rumfar ƙarshe aka ba ni, aji biyu, daf da turbar da mata ke bi zuwa rijiya. Allona katako ne da muke shafa wa baƙin batir. Yara a kan tabarmi. Zana ce kawai tsakaninmu da gari, in na yi atishawa sai wata daga turba ta ce mini yarhamukallahu.

Cikin bazara hedimasta ya kira ni, ya ce lokaci ya yi da zan koya wa yara jimla. Ya ce kowace jimla kashi biyu ce, akwai wanda ake magana a kansa, akwai abin da aka faɗa game da shi. Ya ce malaman zaure mubtada'i da habari suke cewa. Ya faɗi sunayensu na Turanci ma, ban riƙe ba. Na ce na gane. Na gane ɗin kuwa, amma gane abu daban, zuba shi a kan ɗan ƙaramin yaro daban.

Na yi ta fama. In rubuta jimlar littafi, "Jirgin ruwa ya iso gaɓa," in ce wa ake magana a kansa? Su zuba mini ido. Ba wanda ya taɓa ganin ruwan da ya wuce gwiwa sai da damina. Zafi ya sauko ta cikin rumfa, ƙuda na yawo, wasu na gyangyaɗi da baki buɗe. Ni ma muryata sai in ji ta daga nesa kamar wani ne ke magana a wani gari.

Ranar kasuwar Tsafe abin ya zo mini. Ina tsaye ina kallo ta ɓular zana, ga ayarin jakuna sun ɗauko hanya da mangaloli, suna tafe cikin kawalwalniya kamar ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Na ce kowa ya tashi ya leƙa. Suka leƙa. Na ce, "Me kuka gani?" Suka ce jakai. Na ce, "Da me?" Suka ce da kaya. Na ce, "To magana ma haka take. Wanda ake zancensa shi ne jaki. Abin da aka ɗora masa shi ne kaya. Kaya ba ya tafiya shi kaɗai. Jaki kuma in ba kaya, yawon banza yake."

Na goge jirgin ruwa, na rubuta, "Akuya ta ci dusa." Na ja layi a tsakiya. Na ce, "Ina jaki?"

Wani mai ƙaton kai ya ce, "Malam, ai akuya ta."

Na ce, "Yau ita ce jakin. Ina kaya?"

Can sai wata ta ce, "Ta ci dussa."

Wallahi ban taɓa sa wa kowa abu a kai ya zauna ba, sai dai a ɗora mini.

Daga ranar na ajiye littafi. Na ce kowa ya riƙa zuwa da jimlarsa daga gida, abin da ya gani da idonsa. Suka riƙa kawowa kamar masu kawo ƙwai. "Zakaranmu ya ɓata." "Kakata ta toya ƙosai." "Babana ya faɗo daga bisa rumbu." In rubuta, in ja layi, in ɗaga murya in ce ina jaki, aji duka su amsa, in ce ina kaya, su amsa. Har kiɗa abin ya samu, suna tafi suna rangaji. Da hantsi muryoyinsu kan tashi su bi ta kan gonakin da ba komai sai kututturen dawa, su je su bugi duwatsu su dawo. Wani lokaci nakan tsaya in saurari dawowar. A kwanakin nan na fara jin ko ni ma mutum ne. Hedimasta ya leƙo sau ɗaya, ya yi tari, ya ce, "Hanyar tasha ce, amma tana kaiwa."

Akwai wata yarinya da ke zama can ƙurya, ƙarama, da ɗan wuri a kitsonta. Tun da na zo ban ji muryarta ba. In na tambaye ta sai ta cusa kai tsakanin gwiwoyi. Wata safiya ina cewa wa ya zo da jimla, sai ga hannunta a sama. Na yi murna. Na ce kowa ya yi shiru, yau 'yar ƙurya za ta yi magana.

Ta miƙe, ta ce, "Innarmu tana da ciki."

Na ce madalla. Jimla ce mai kyau, gajera, ba abin da ya rage mata. Ni abin da na gani ke nan. Uwata ta rasu ina ƙarami, a tasha na girma cikin maza, inda ake faɗar komai da sunansa. Na rubuta da manyan baƙaƙe, na ja layi.

"Ina jaki?"

"Innarmu!"

"Ina kaya?"

"Tana da ciki!"

Na ce ban ji ba, don yarinyar ta ji daɗi. Suka ƙara da ƙarfi, da tafi. Muka maimaita, muka sake. Duwatsu suka dawo mana da ita.

Sai na lura da wani abu. Kullum a wannan lokaci akwai ƙarar guga da surutun mata daga rijiya, har na daina jin su don sabo. To sun ɗauke. Na leƙa ta zana. Mata ne tsaye a turba da tuluna a ka, ba mai motsi, kamar an dasa su. Wata tsohuwa ta riƙe haɓa. 'Yan amare sun toshe baki da gefen zane, kafaɗunsu na rawa. A tsakiyarsu wata doguwar mace ta sauke tulunta a hankali ta ajiye a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta nufi gari. Tulun nan ya wuni a wurin.

Kafin a tashi sai ga uban yarinyar. Daga wurin tubali ya taso, laka har gwiwa. Bai shigo ba, ya yi sallama daga waje. Na fita.

Ya ce, "Malam, mi kaka koya ma ɗiyan mutane?"

Na ce, "Jimla."

"Jimla." Ya jinjina kai. "To jimlar ga ta ishe mu haka nan. Kira man ɗiyata."

Na ce, "Baba, ai ba ƙarya ta yi ba."

Ya dube ni tun daga takalmi har hula. Ya ce, "Wa ya tambaye ka gaskiya?"

Ya kama hannunta suka tafi. Tana waiwaye, ba ta san abin da ta yi ba. Ni ma a lokacin ban gama sani ba.

Washegari tabarma ɗaya ba kowa. Jibi biyu. Yaran da suka daina zuwa kuwa ba su daina waƙar ba, a lungu ake yin ta, ina jaki ina kaya, har sai an biyo su da kara. Kowace uwa a garin ta ga cewa gobe nata asirin ne zai hau allo. Uwar yarinyar, doguwar matar nan, ta daina fita rijiya. Kafin mako ya zagayo yaran da suka rage mini ba su cika tabarma guda ba, 'ya'yan mai gari da ba su da yadda za su yi, da 'ya'yan wani baduku baƙo da bai damu da maganar gari ba.

Hedimasta bai yi faɗa ba. Ya ce, "Mai duba makarantu zai zo daga Gusau kafin babban hutu. Kawuna yake kallo. In ya iske tabarmi, ni ba ni da abin da zan ce masa." Ya hau kekensa.

Na ce bari in je in ba da haƙuri. Na iske mutumin a zaurensa yana gyaran igiya. Ya shimfiɗa mini buzu, ya karɓe ni hannu biyu. Muka gaisa. Na ce, "Dama na zo ne game da maganar nan ta..."

Ya ce, "Ina gajiya, Malam?"

Na ce ba gajiya. "Dama abin da ya faru ran nan..."

"Ya zafin ga? Bana kam sai addu'a."

Na ce sai addu'a. Na sake buɗe baki.

"Mutanen Gusau fa? Kana jin labarinsu?"

Haka muka yi ta yi. Duk inda na sa ƙafa sai ya tare da gaisuwa. Daga ƙarshe aka kawo fura, na sha, ya raka ni har bakin turba, ya ce in gai da gida. Ba ni da gida a garin, ya sani.

Ranar da ba makaranta na hau mota zuwa Bunguɗu wurin gwaggona, ƙanwar ubana, mai daddawa. Ita kaɗai ta rage mini da zan kai wa irin wannan. Na iske ta tana tsince kalwa a faifai. Na ba ta labari tun daga jakuna. Ta yi dariya har sai da ta ajiye faifan ta share hawaye. Sannan fuskarta ta canza.

Ta ce, "Kai ɗan tasha. Uwarka ta tafi ba ta gama ka ba. Ciki ana faɗinai? Mijinta da ya yi shi ma yi yakai kamar bai gani ba. Uwar da ta haife ta sai dai ta ce jikinta ya yi nauyi. Kai ka tara ɗiyan gari kuna yi mashi waƙa, har da jaki."

Na ce, "Gwaggo, jakin misali ne."

"Misalin uwaka. Yanzu ko tuntuɓe ta yi, bakinka na. Ko kai ya sara mata, bakinka na."

Na ce ai na je ba da haƙuri, ya hana ni magana.

Ta ce, "Ya yi maka gata. In ka ba da haƙuri, da wane baki? Sai ka sake faɗin abin, ka faɗa ma mijinta ido da ido. Wanga ba a wanke shi da baki." Ta ɗauki faifanta. "Koma ka yi shiru. Ka roƙi Allah ta sauka lafiya. Kuma ka fara tara icce tun yanzu, mai kyau, marke ko ƙirya. Ran da anka ɗora tukunyar ruwan zafi, ka kai. Kar ka ce komi. Mai jego ba ta maida icce."

Na ce in mai duba makarantu ya riga haihuwar fa?

Ta ce, "Sai ka koma ga buhunka. Ci tuwo."

Watannin da suka biyo baya ban san yadda zan faɗe su ba. Kamar ba a farke na yi su ba. Da safe in zauna da 'yan yaran da suka rage, mu yi darasi ƙasa-ƙasa kamar masu gulma. Na hana kawo jimla daga gida. Na ce daga yau sai abin da ba na kowa ba. Sai mu zauna mu zuba wa ɓular zana ido muna jira duniya ta yi wani abu. Guguwa ta taso daga fako ta ɗauki ganye ta yi sama da shi, wani ya ce a hankali, "Guguwa ta wuce." In rubuta, in ja layi. Jirgin ƙasa na Funtuwa ya yi kuka can nesa inda ba ma ganinsa. "Jirgi ya yi kuka." Ranar da shamuwa ta fara sauka kan tsamiyar makaranta, ɗan baduku ya raɗa mini ita a kunne kamar ya tsinci kuɗi. Wata rana ba abin da ke faruwa sam, sai mu yi ta zama, inuwar zana na tafiya a kan ƙafafunmu. Yaran nan kaɗan sun iya jimla fiye da duk waɗanda na koyar daga baya. Amma kawuna ake kallo.

Da la'asar in ari gatari in nufi gindin duwatsu. Can ba kowa sai 'yan Fulani da shanu jefi-jefi. In sami marken da ya mutu a tsaye in yi ta sara. Dutse na fitar da zafin da ya sha tun safe, gyare na kuka har kunne ya toshe. Wani lokaci in zauna hutawa sai in ga kamar ga tashar Gusau can cikin kawalwalniya, ga motoci jere, ga ni nan a duƙe ana ɗora mini buhu, ina kallon kaina daga nesa. In girgiza kai in tashi. Itacen ya yi ta taruwa a bayan ɗakina. Mutane na gani, ba wanda ya tambaya.

Ban taɓa yi wa wata mace addu'a kamar yadda na yi wa matar nan ba, ni da ko fuskarta ban gani sosai ba. Sau ɗaya tsohuwar da ke dafa mini abinci ta ce, tana kallon gefe, wai masassara ta shiga wani gida. Ba ta faɗi gidan ba. Tuwon ranar kaji suka ci. Bayan kwana kaɗan ta ce, tana kallon gefen dai, wai an samu sauƙi.

Ruwan farko ya sauka, gari ya fita shuka. Hedimasta ya ce an ga mai duba makarantu a wajen Kucheri, yana bin makarantu ɗaya bayan ɗaya. Na rufe itacena da tsohuwar zana don kada ya jiƙe.

Wata safiya ina alwala sai na ga hayaƙi mai kauri ya miƙe daga bayan gidan su 'yar ƙurya, ba irin na girki ba. Tsohuwar ta ajiye mini koko, ta ce, "An sauka. Lafiya lau, uwa da ɗa." Wannan karon ni ta kalla.

Na yi gammo da tsohuwar rigata. Na ɗaura dami na farko na ɗora a ka, da wandon malanta da komai, na ratsa tsakiyar gari. Wuyana ya gane aikinsa nan take. Mata suka leƙo ta kan danga. Na sauke a ƙofar gidan, na koma na ɗauko wani. Mutumin yana zaune a zaure ana yi masa barka. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Na yi ta kai da kawowa har rana ta take, tarin ya kusa kai tsayin danga. Ina sauke na ƙarshe sai ya taso, ya ɗauki guda ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa.

Ya ce, "Marke na?"

Na ce marke ne.

Ya ce, "Ya bushe." Ya koma ya zauna.

Ranar suna na je na raɓe a bayan mutane. Aka yi addu'a, aka shafa. Mai rabon goro ya zo zai wuce ni, sai uban jaririn ya karɓi ƙwaryar, ya zaɓo fari babba ya sa mini a hannu da kansa. Wanzamin garin, wani mai bakin tsiya, yana wasa askarsa ya ɗago ya ce, "Malam, ran nan mun ga kaya bisa kai. To ina jakin?" Zaure ya fashe da dariya, har liman. Ni ma na yi. Uban ya yi ta dariya har da buga cinya, kuma a nan na san an gama.

Ba a rana ɗaya suka dawo ba. Yau biyu, gobe uku, wasu da ƙasar shuka a ƙafa. Mai ƙaton kai ya dawo ya zauna wurinsa kamar jiya ya tashi. 'Yar ƙurya ce ta ƙarshe. Ta shigo tana ƙamshin hayaƙi da kunun kanwa, ta wuce ƙuryarta. Ba ta sake ɗaga hannu ba har ta bar ajina, amma in na duba allonta layin na nan inda ya kamata.

Mai duba makarantu ya iso a kan babur, wandonsa duk taɓo. Bai shigo rumfata ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya bi kawuna da ido, leɓensa na motsi. Ya dubi allo, an rubuta "Hadari ya haɗo" da layi a tsakiya. Ya waiwaya ya dubi gabas, ya ga da gaske ne, ya ce wa hedimasta a ba shi ruwa ya sha zai wuce kafin rafi ya kawo. Hedimasta ya raka shi. Da ya dawo ya leƙo ya ce, "Bayan hutu aji uku za ka riƙe," ya yi tari ya wuce.

Yara na zaune suna jira in ce wani abu. Iska ta fara kaɗa zana, tana kawo ƙamshin ruwa. Na ce kowa ya ruga gida kafin ya sauko. Suka watse da ihu. Na jawo tabarma guda zuwa inda rumfar ba ta yoyo, na yi matashi da hulata, na kwanta.